Yadda ake haɗa da'irar lantarki mai tsayayyiyar kusurwa da rizista da kafasita

Tambayar ta zo ne daga wani ɗalibin injiniyan lantarki da ke ƙera na'urar auna imfidans ɗin batir, wato turjiyar da batir ke yi wa lantarki mai kai-komo. Ya ce a duk samfurin batir da ya karanta yana cin karo da wani sashe da ake taƙaita sunansa da CPE, wato sashe mai tsayayyiyar kusurwa, kuma yana son ya mallaki irinsa a kan teburinsa domin ya gwada na'urarsa da abin da ya san ƙimarsa tun kafin ya auna. Yana tambaya ko ana sayar da shi, in kuma ba a sayarwa, ko za a iya haɗa shi, kuma da kaya nawa.

Ɗan'uwa, ba za ka same shi a cikin kayan da ake sayarwa yau da kullum ba, kuma babu wanda zai iya haɗa cikakkensa da ƙidayayyun rizistoci da kafasitoci. Amma idan ka fara yanke shawara a kan abu biyu, wato daga wane firikwensi (yawan kai-komon lantarki a sakan ɗaya, da ake aunawa da haz) zuwa wane kake son ya yi aiki, da kuma kuskuren digiri nawa za ka iya haƙuri da shi, to haɗa shi aikin yini ɗaya ne, kuma kayansa ba za su kai guda ashirin ba. Waɗannan shawarwari biyu su ne asalin aikin, sauran duk lissafi ne da ke biyo bayansu.

Idan aka tura lantarki mai kai-komo ta cikin rizista, boltej da kwararar lantarki suna tashi tare suna sauka tare, kusurwar da ke tsakaninsu sifili ce. A cikin kafasita mara aibi kuwa boltej yana biyo bayan kwarara da digiri 90, kuma imfidans yana raguwa ninki goma duk lokacin da firikwensi ya ƙaru ninki goma. CPE yana zaune ne a tsakanin waɗannan biyu. Ana rubuta imfidans ɗinsa da Z = 1/[Q(jω)^α], inda ω ita ce firikwensi sau 2π, j ita ce tushen murabba'in −1, α lamba ce tsakanin 0 da 1, Q kuma ita ke faɗin girmansa. Kusurwarsa ita ce α sau digiri 90, kuma ba ta motsawa ko da firikwensi ya hau ko ya sauka. Idan α ta zama 0.5, kusurwar digiri 45 ce, kuma sai firikwensi ya ƙaru ninki ɗari kafin imfidans ya ragu ninki goma. Wannan shi ne bambancinsa da rizista ɗaya da aka haɗa da kafasita ɗaya, domin su ma suna ba da digiri 45, amma a firikwensi guda tak, da an gusa sama ko ƙasa kusurwar ta zame.

Ba masu lissafi ne suka ƙago wannan hali ba, a wurin awo aka tarar da shi. Emil Warburg a Jamus ya nuna a 1899 cewa yaɗuwar sinadari zuwa fuskar ilektirod tana haifar da imfidans mai kusurwar digiri 45. Hugo Fricke ya yi bayanin tsayayyiyar kusurwa a mahaɗar ilektirod da ruwan sinadari a 1932, sannan 'yan'uwan nan biyu, Kenneth Cole da Robert Cole a Amurka, suka shigar da lamba irin α cikin bayanin kayan da ba sa wuce lantarki a 1941. A batir, fuskar ilektirod ba sumul take ba, cike take da ƙananan ramuka, kuma caji ba ya isa ko'ina a lokaci guda. Shi ya sa abin da ake tsammanin ya fito rabin da'ira cikakkiya a zanen Nyquist, wato zanen da ake nuna awon imfidans da shi, yakan fito a danne, α kuma takan faɗo ƙasa da 1, sau da yawa tsakanin 0.8 da 0.95.

Dalilin da ya sa ba a iya haɗa cikakkensa yana da muhimmanci, domin shi ne ke nuna hanyar kwaikwayonsa. Duk da'irar da aka haɗa da ƙidayayyun rizistoci, kafasitoci da koyil, imfidans ɗinta a can ƙasan firikwensi da can samansa dole ya koma bin cikakkiyar lamba: ko ya zama kamar rizista, ko kamar kafasita, ko kamar koyil. Ba ta da ikon bin rabin lamba har abada. Abin da take iyawa shi ne ta riƙa sauyawa tsakanin halin rizista da halin kafasita a kai a kai, ta yadda matsakaicin gangarenta zai faɗa inda ake so. Kamar matakalar bene ce, wanda ke tsaye a kanta yana ganin shimfiɗe da tsaye, wanda ke nesa kuwa gangare ɗaya yake gani, kuma tsawo da faɗin kowace taka su ke ƙayyade wannan gangare.

Hanyar da ta fi saurin zuwa wa mutum a rai ita ce tsani na rizistoci da kafasitoci masu ƙima iri ɗaya. Tana da asali mai kyau, domin tun a tsakiyar shekarun 1850 William Thomson, wanda aka sani daga baya da Lord Kelvin, ya bayyana wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku a matsayin turjiya da ajiyar caji da suka bazu a tsawonta, kuma irin wannan waya idan ba ta da ƙarshe, imfidans ɗinta CPE ne mai α 0.5 daidai. Sai dai ba na ba ka shawarar ka bi ta. Faɗin firikwensin da irin wannan tsani yake rufewa yana ƙaruwa ne da yawan takunsa sau kansa, saboda haka kafin ka rufe ninki dubu goma sai ka jera taka ɗari ko fiye, kuma bayan wannan wahala α 0.5 kaɗai za ka samu.

Hanyar da ta dace ita ce ƙimomin su riƙa raguwa da ninki guda daga reshe zuwa reshe. Ralph Morrison ya bayyana wannan tsari a 1959, Alain Oustaloup a Bordeaux ta Faransa ya gina sanannen tsarinsa na sarrafa injuna a kan tunani makamancinsa, sannan a 2011 Juraj Valsa na jami'ar fasaha ta Brno a Jamhuriyar Cak da abokan aikinsa suka fitar da shi a siffar da ta fi sauƙin haɗawa a kan tebur. Kowane reshe rizista ce ɗaya da kafasita ɗaya a jere, rassan kuma duk an haɗa su kafaɗa da kafaɗa tsakanin tashoshi biyu. Rizistar kowane reshe ita ce ta reshen da ya gabace shi sau wata lamba a, kafasitarsa kuma ta baya sau wata lamba b, dukansu biyu ƙasa da 1.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowane reshe yana da nasa lokacin, wato R sau C. A firikwensin da ke ƙasa da nasa, kafasitar ce ke tare hanya, reshen sai ya zama kamar kafasita zalla. A firikwensin da ke sama da nasa, kafasitar ta buɗe, reshen sai ya zama kamar rizista zalla. Don haka a kowane firikwensi akwai rassan da suka riga suka zama rizista, akwai waɗanda har yanzu kafasita ne, akwai kuma ɗaya ko biyu da ke tsaka da sauyawa. Idan ka ɗaga firikwensi da ninkin 1/ab, komai zai koma yadda yake, sai dai kowane reshe ya karɓi matsayin wanda ya gabace shi, imfidans ɗin gaba ɗaya kuma ya ragu zuwa a sau abin da yake a da. Daga wannan kaɗai ake samun cewa α daidai take da logaridim ɗin a raba da logaridim ɗin ab. Ina so ka riƙe wannan ƙa'ida sosai, domin ta raba aikin gida biyu: yadda aka raba ninki tsakanin a da b shi ke ba da kusurwa, girman ab kuma shi ke faɗin yadda kusurwar za ta tsaya cak ko ta riƙa rawa.

Misali mai α 0.5 ya fi sauƙi, domin a da b daidai suke, kuma akwai sa'a guda a nan: ƙimomin 10, 4.7, 2.2 da 1 da ake samu a ko'ina suna raguwa da kusan ninki 2.15, wato a da b kusan 0.464. Ka ɗauki rassa bakwai. Na farko kilo-om 100 da maikurofarad 1, na biyu kilo-om 47 da nanofarad 470, na uku 22 da 220, na huɗu 10 da 100, na biyar 4.7 da 47, na shida 2.2 da 22, na bakwai kilo-om 1 da nanofarad 10. Reshen farko yana sauyawa a kusan haz 1.6, na huɗu a haz 159, na bakwai a kusan kilohaz 16. Ƙimar Q ta wannan da'ira tana kusa da 6.5 sau 10^-6, ma'ana za ka auna kusan kilo-om 19.5 a haz 10, kusan kilo-om 6.2 a haz 100, da kusan kilo-om 1.95 a kilohaz 1.

Amma idan ka tsaya a nan aikin bai kammala ba, kuma nan ne mafi yawan masu haɗawa suke tuntuɓe. Ƙa'idar da muka kafa ta ɗauka cewa rassan ba su da farko ba su da ƙarshe, mu kuwa mun yanke su a bakwai. Rassan da muka bari ta ɓangaren ƙasa, wato masu kilo-om 215, 464 da abin da ya yi gaba, da suna nan da duk sun riga sun zama rizistoci zalla a firikwensin da muke aiki, saboda haka rizista ɗaya za ta iya wakiltarsu. Ƙimarta ita ce rizistar farko sau (1 − a) raba da a, wato kusan kilo-om 115. Haka nan rassan da muka bari ta ɓangaren sama duk kafasitoci ne zalla a wurinmu, jimlarsu kuma ita ce kafasitar ƙarshe sau b raba da (1 − b), wato kusan nanofarad 8.7, wadda za ka samu idan ka haɗa nanofarad 8.2 da fikofarad 470. Dukansu biyu ana ɗora su ne kai tsaye tsakanin tashoshin biyu. Ba tare da su ba, kusurwa a haz 16 za ta kauce da kusan digiri 5, duk da cewa haz 16 ya ninka wurin sauyawar reshen farko sau goma. Da su kuwa kaucewar da yankewar rassan ke jawowa a wannan wuri ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, kuma a lissafi da'irar tana riƙe digiri 45 da kuskuren kusan rabin digiri daga haz 5 zuwa kilohaz 5. Kayan gyara biyu sun yi abin da ƙarin rassa da dama ba za su yi ba.

Game da rawar kusurwa a tsakiyar fagen, lissafi ya nuna tana raguwa da sauri ƙwarai idan aka matso da rassa kusa da juna. Idan reshe ɗaya ne a kowane ninki goma na firikwensi, kusurwa tana hawa da sauka da kusan digiri ɗaya da rabi. A misalinmu, inda tazarar rassa ninki 4.64 ce, rawar ta sauko zuwa kusan digiri 0.2. Matsowa fiye da haka ɓata kaya ne, domin daga nan kuskuren ƙimar rizista da kafasita shi ne zai rinjaya, ko 4.7 da 2.2 ɗin ma sun ɗan saɓa wa 4.64 da 2.15 da lissafi yake so.

Kai da ke son kwaikwayon batir, mai yiwuwa α 0.8 ta fi kusa da buƙatarka, wato kusurwar digiri 72. Idan ka bar tazarar rassa a 4.64, kowace rizista za a raba ta da 3.41 a sami ta gaba, kowace kafasita kuma a raba ta da 1.36. Waɗannan ƙimomi ba su dace da na kasuwa ba. Dabarar ita ce ka fara da kafasitoci, tunda su ne masu ƙarancin zaɓi: ka auna kowace da mita mai kyau, ka haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa inda ya kama har ka kusanci ƙimar da kake so, sannan ka zaɓi rizistoci daga jerin ƙimomin kasuwa na E96 masu kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari. Kafin ka taɓa dalma, ka shigar da ainihin ƙimomin da ka auna cikin manhajar kwaikwayon da'ira irin LTspice ko ngspice ka ga zanen kusurwa, domin gyara a kwamfuta ya fi gyara a kan allo sauƙi.

Nau'in kafasita ya fi yawan rassa tasiri, kuma a nan ba na sassautawa. Ka nemi na yumɓu nau'in C0G, wanda ake kuma kira NP0, ga ƙananan ƙimomi, da na ledar folifirofilin ga manya. Nau'in X7R an yarje masa ya sauya da kashi 15 cikin ɗari a faɗin zafin da aka ƙayyade masa, kuma ƙimarsa tana raguwa idan an ɗora masa boltej, Y5V kuwa ya fi shi muni nesa ba kusa ba. Kafasita mai ruwan sinadari yawanci kuskurenta kashi 20 cikin ɗari ne, tana yoyon caji, kuma ita kanta tana da nata halin na rashin cikar kusurwa. Abin da ake so ya zama ma'aunin gwada na'ura bai kamata ƙimarsa ta dogara da zafin ɗaki ko girman siginar da aka tura masa ba.

Akwai wata matsala da ta shafi aikinka kai tsaye. Imfidans ɗin batirin litiyam miliyom ne (miliyom ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na om), goma-goma ko ƙasa da haka, da'irarmu kuwa kilo-om take bayarwa. A takarda gyaran mai sauƙi ne: a raba dukan rizistoci da lamba ɗaya, a ninka dukan kafasitoci da ita, kusurwa da fagen firikwensi ba za su canza ba. Amma ko raguwar ninki dubu kawai za ta kai kafasitar farko maikurofarad 1000, wadda ba za ka samu cikin girma da farashi mai ma'ana ba sai mai ruwan sinadari, kuma a lokacin ma om ne a hannunka, ba miliyom ba. A matakin miliyom turjiyar waya da ta mahaɗar dalma za su shiga cikin ƙimar rassan su ɓata lissafin. Shawarata ita ce ka raba gwajin biyu. Ka yi amfani da da'irar kilo-om, ko wadda aka rage ninki goma, wajen tabbatar da cewa na'urarka tana karanta kusurwa da gangare daidai a duk fagen firikwensi. Sannan ka gwada matakin miliyom da sananniyar rizistar auna kwarara mai tashoshi huɗu, biyu na tura kwarara biyu na karanta boltej, inda ka san kusurwa ta kamata ta tsaya kusa da sifili.

Wajen auna da'irar kanta, hanya mafi sauƙi ita ce ka sanya ta a hanyar komawa ta amfilifaya mai juya sigina, ko da TL072 ce, tare da rizistar shiga ta kusan kilo-om 4.7. Siginar fita raba da ta shiga za ta ba ka imfidans raba da wannan rizista, sai ka cire digiri 180 na juyawa daga kusurwar. A kilohaz 1 zagaye ɗaya milisakan 1 ne, don haka digiri 45 maikurosakan 125 ne, digiri ɗaya kuma bai kai maikurosakan 3 ba, wanda ke nuna maka irin natsuwar da karatun osiloskof yake bukata. Ka guji auna daidai a haz 50 da ninkinsa, domin wutar gida tana kutsawa cikin da'ira mai babban imfidans, kuma ka gajarta wayoyi. Allon gwaji mai ramuka yana ƙara 'yan fikofarad tsakanin layukansa. A misalinmu wannan ba komai ba ne kusa da nanofarad 8.7, amma idan ka matsar da fagen zuwa ɗaruruwan kilohaz, dole ka ƙidaya su cikin kafasitar gyara.

Gwaji na biyu da nake so ka yi shi ne na lokaci. Idan aka tura kwarara mara canzawa cikin kafasita, boltej yana hawa a miƙe. A cikin CPE mai α 0.5 yana hawa da sauri da farko sannan ya lafa, ta yadda sai lokaci ya ninka sau huɗu boltej yake ninka sau biyu. Za ka ga wannan lanƙwasa a da'irarka daga ƙasa da milisakan ɗaya zuwa 'yan goma-goman milisakan, daga nan ta fara kwanciya, domin reshe mafi jinkiri lokacinsa sakan 0.1 ne kuma rizistar gyara tana barin lantarki mara kai-komo ya wuce. CPE na gaskiya ba ya barin irin wannan lantarki ya wuce, kuma tasirin cajin da ya taɓa shiga cikinsa yana dusashewa ne a hankali ba tare da ya ƙare ba. Da'irarka kuwa tana manta komai bayan sakan ɗaya ko makamancin haka. Idan na'urarka za ta sauka zuwa milihaz, kamar yadda ake yi a awon batir domin ganin wutsiyar Warburg, wato layin nan mai digiri 45 na yaɗuwar sinadari, sai ka ƙara rassa ta ɓangaren ƙasa, uku ga kowane ninki ɗari na firikwensi, ka sake lissafa rizistar gyara daga sabon reshen farko.

Rizista da kafasita kaɗai ba za su fitar da kai daga tsakanin sifili da digiri 90 na ɓangaren kafasita ba. Idan wata rana ka bukaci kusurwa ta ɓangaren koyil, sai ka sanya wannan da'ira cikin mai juya imfidans na amfilifaya biyu irin wanda Andreas Antoniou ya gabatar a 1969, a nan kuma iyakar saurin amfilifayar za ta shiga cikin lissafin kuskure. An kuma yi ƙoƙarin ƙera CPE guda ɗaya ba tare da rassa ba. Karabi Biswas da abokan aikinta a cibiyar fasaha ta Kharagpur a Indiya sun bayyana a 2006 wani ilektirod da aka lulluɓe da siririn rufi mai ƙananan ramuka aka tsoma shi cikin ruwan sinadari, ya kuma nuna tsayayyiyar kusurwa. Aiki ne mai daraja ga bincike, amma kusurwar irin wannan abu ta dogara da kaurin rufin da yanayin ruwan da zurfin tsomawa, saboda haka shi kansa sai an auna shi kafin a san ƙimarsa. Kai kuwa abin da kake nema shi ne wanda za ka san ƙimarsa daga lissafi kafin ka jona shi da na'urarka, kuma rassa bakwai da kayan gyara biyu, da kafasitocin C0G da folifirofilin da ka auna ɗaya bayan ɗaya, za su ba ka wannan daga haz 5 zuwa kilohaz 5.